Gilashi, gwangwani ko kasko: a cikin me ya fi dacewa a zuba kyandir ɗin kakin waken soya?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hannu. Ina neman shawararku a kan mazubin da zan riƙa zuba kyandir mai ƙamshi wanda nake son fara haɗawa a gida da kakin waken soya. Na daɗe ina yin turaren wuta da humra a nan Kano, kuma a 'yan kwanakin nan masu haɗa kayan ɗakin amare da masu raba tsaraba a wajen biki suna yawan tambayata kyandir. Na tanadi kaki da lagwani da man ƙamshi, amma na tsaya cak a kan abin da zan zuba a ciki. Kofunan gilashin da ake yi musamman domin kyandir suna da tsada, har idan na lissafa sai in ga mazubin ya cinye rabin ribar. A gida kuwa ina da kwalaben bama da na jam waɗanda na wanke na ajiye, da tsofaffin kofunan shayi na tangaran, ga kuma ƙananan kasake irin na turare da ƙoƙuna masu zane waɗanda nake ganin za su ba kayana kamanni irin namu na gida. Shin akwai laifi idan na yi amfani da waɗannan, ko dole sai na sayi na musamman?

Hajiya_Binta_Zariya:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Allah ya sa albarka a sana'a. Kafin a kai ga maganar tsada, ki fara cire ƙoƙo da kasko daga cikin lissafi. Ƙoƙo busasshen abu ne da wuta ke ci, kuma idan kyandir ya ƙone ya yi ƙasa, harshen wutar yana zama a cikin ramin mazubin yana gasa bangonsa na tsawon sa'o'i. Kasko kuma matsalarsa a ɓoye take. Kin san yadda randa take sanyaya ruwa saboda jikinta yana tsattsafo da shi ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. To haka kasko yake shan narkakken kaki da man ƙamshin da ke cikinsa. Idan ya jiƙe da maiƙo, jikin kaskon gaba ɗaya yana iya zama lagwani, wuta ta bar tsakiya ta kama gefe. A nawa ganin, mai farawa ta nemi kofin gilashi miƙaƙƙe, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, mai shimfiɗaɗɗen gindi da ba ya girgiɗi idan an taɓa tebur.

Malam_Sabitu:
Ina goyon bayan Hajiya, kuma ina so in ƙara dalilin da ya sa mazubi yake da nauyi a wannan kakin fiye da sauran. Kakin waken soya asalinsa man waken ne da aka sarrafa da iskar haidirojin har ya daskare, kuma a Amurka aka fara yinsa domin kyandir a farkon shekarun 1990. Irin wanda ake sayarwa domin zubawa a kofi yana narkewa ne a kusa da digiri 45 zuwa 55 a ma'aunin salshiyas, gwargwadon haɗinsa, don haka ya fi farin kyandir ɗin kanti laushi nesa ba kusa ba. Ba ya iya tsayuwa da kansa, kuma idan yana ci saman gaba ɗaya yakan zama ruwa. Ma'ana, mazubin nan shi ne ke riƙe da mai mai zafi da wuta a tsakiyarsa, a cikin ɗakin da yara suke wasa.

Ummu_Khalil:
Ni ina da ɗan saɓani da masu cewa sai na musamman. Kwalaben jam da na bama nake amfani da su tun da na fara, kuma ban taɓa samun wadda ta fashe ba. Kwalbar jam dai an yi ta ne domin a zuba mata abu da zafinsa a masana'anta, saboda haka ba baƙuwar zafi ba ce. Abin da nake yi shi ne in ɗaga kowace kwalba a hasken rana in duba ta sosai, in bi bakinta da yatsa, duk wadda na ga tana da tsagewa ko ɓantarewa ko ƙarzuwa mai zurfi sai in ware ta. Mu faɗi gaskiya, yawancin matan da ke wannan dandali da ɗan ƙaramin jari suka fara, idan aka ce sai sun yi odar kofuna daga waje to sana'ar ba za ta taɓa tashi ba.

Injiniya_Auwal:
Malama Ummu Khalil, maganarki a kan jari gaskiya ce, kuma duba kwalba a haske al'ada ce mai kyau. Sai dai akwai bambanci tsakanin zafin da kwalbar jam ta saba da shi da zafin kyandir. Idan aka zuba jam, kwalbar tana ɗaukar zafi kusan bai ɗaya, sau ɗaya, sannan ta huce. A kyandir kuwa, wajen da ke kusa da harshen wuta yana yin zafi ƙwarai alhali gindin da ke kan tayil yana da sanyi, kuma ana maimaita hakan duk lokacin da aka kunna aka kashe. Gilashi ba zafi kawai ke fasa shi ba, abin da ya fi fasa shi shi ne wani sashe ya buɗe saboda zafi yayin da sashen da ke maƙwabtaka da shi bai motsa ba. Shi ya sa a masana'anta, bayan an ƙera gilashi, ake bi da shi ta cikin wani dogon tanderu domin ya huce sannu a hankali, kada ya fito da ɗaurewa a cikin jikinsa. A Amurka akwai ƙa'ida mai lamba ASTM F2179 wadda aka rubuta musamman domin gilashin kyandir, tana duba wannan hucewar da kuma juriyar gilashin ga canjin zafi na farat ɗaya. Kwalbar abinci tana iya jurewa, kuma da yawa suna jurewa, amma wadda aka yi ta amfani da ita, aka wanke ta da soson ƙarfe, aka gwara ta da wasu a kwando, tana iya ɗauke da raunin da rana ba za ta nuna ba. Idan domin amfanin gidanki ne kina zaune kina kallo, wannan daban. Idan za ki sayar wa wadda ba ki san inda za ta ajiye shi ba, nauyin ya ƙaru.

Zainabu_Maraɗi:
To ashe mafita ita ce a nemi gilashi mai kauri sosai. A kasuwarmu ana samun kofunan shan ruwa masu nauyi, masu gindi kamar dutse, kuma ba su kai na kyandir tsada ba.

Injiniya_Auwal:
'Yar'uwa Zainabu, a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Kauri yana kare gilashi daga fashewa idan ya faɗi, amma ba shi ne ke kare shi daga zafi ba. Gilashi mai kauri yakan yi zafi a ciki alhali bayansa bai ji komai ba, kuma mafi rauni shi ne wanda gindinsa yake da kauri sosai bangonsa kuma siriri, domin a daidai mahaɗar nan ce tsagewa take farawa. Abin nema shi ne kauri matsakaici wanda ya daidaita ko'ina. Haka nan a guji kofuna masu doguwar ƙafa irin na shan lemo a wajen biki, saboda ga siranta ga saurin kifewa.

Fatsima_Sakkwato:
Duk kuna ta maganar gilashi, amma ni zafin garinmu ne ya zaɓa mini mazubi. A watan Afrilu da Mayu zafi a Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma kayan da aka kai tasha aka sa a bayan mota suna shan zafin da ya fi na waje. Malam Sabitu ya faɗi inda kakin nan yake narkewa, ku kwatanta da kanku. Na taɓa karɓar saƙon kyandir na gilashi da wata ta aiko mini, na buɗe kwalin na tarar kakin ya yi laushi ya zame gefe guda, lagwanin ya kwanta a jikin bango, man ƙamshin ya tsattsafo ya ɓata takardar da aka liƙa. Tun daga nan na tsaya a kan gwangwani mai murfi. Ba ya fashewa a hanya, ba shi da nauyi, kuma idan murfinsa na murɗawa ne ko kakin ya yi laushi ba ya malala. Sharaɗina ɗaya ne, ya zama gwangwanin da aka buga daga falle ɗaya, wanda ba shi da ɗinki a gefe ko a gindi, domin ta ɗinkin ne narkakken kaki yake yoyo. Saboda wannan dalili ban yarda da gwangwanin madara ko na tumatir ba, ga kaifin baki, ga kuma shafen da ake yi wa cikin gwangwanin abinci wanda ba a yi shi domin zama kusa da wuta ba.

Rabi_Kumasi:
Anti Fatsima, abin da ya zame muku alheri a can shi ne damuwarmu a nan. Kumasi gari ne mai laima, kuma gwangwanin da ya kwana biyu a shago sai ki ga tsatsa ta fara fitowa a bakinsa da cikin murfi. Wasu man ƙamshin ma, musamman masu banila, suna saurin canza wa ƙarfen launi. Wanda aka yi da alminiyam ba ya tsatsa, don haka shi nake nema idan zan yi na gwangwani. Wani abin kuma, ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, idan kyandir ya kusa ƙarewa gindin yana iya ƙona tebur na katako ko ya narkar da ledar da aka shimfiɗa, saboda haka nake gaya wa kowace mai saye ta ɗora shi a kan faranti.

Garba_Maitukwane:
Ina neman afuwar Hajiya Binta, amma ba zan so a rufe maganar yumɓu da jimla ɗaya ba. Gaskiya ne kaskon da aka gasa da kara da itace a fili yana shan maiƙo, ban musa ba. Amma yumɓu iri-iri ne. Wanda aka gasa a tanderu mai tsananin zafi, aka shafe cikinsa da ruwan gilashi aka sake gasawa, ba ya shan ko ɗigo, kuma yana jure zafi fiye da yawancin kofunan gilashin da ke kasuwa. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A farkon shekarun 1950 aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ƙarƙashin wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew, kuma a can ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta haɗa ginin hannu irin na Gwari da wannan shafe da gashin tanderu. Har yanzu akwai maginan da ke yin irin wannan aiki. Idan masu kyandir suka riƙa ba su oda, Maman Ilham za ta samu kamannin gida da take nema ba tare da ta sa kowa a haɗari ba, maginan kuma su samu kasuwa.

Hajiya_Binta_Zariya:
Malam Garba, ba mu saɓa ba. Kaskon da Maman Ilham ta ambata shi ne irin na turare da ake sayarwa a bakin kasuwa, shi na hana. Mai shafen gilashi a ciki tangaran ne, kuma yana cikin mafi kyawun mazubai. Abin da zan ja hankali a kai shi ne tsofaffin kofunan shayin da ta ce tana da su. Ki leƙa cikinsu da kyau, idan kin ga wasu siraran layuka kamar yanar gizo a jikin shafen, to ya tsattsage, kuma kaki zai ratsa ta nan. Ki cika kowanne da ruwa ki ɗora a kan busasshiyar takarda ya kwana. Wanda ya bar danshi a takardar ba na kyandir ba ne.

Sadiya_Kaduna:
Ina da tambaya a kan wannan. Na ga masu yin mazubin siminti suna shafa wa cikinsa wani ruwa mai toshe ƙofofi kafin su zuba kaki. Ba za a iya yi wa kasko haka ba?

Garba_Maitukwane:
Ana yi, Malama Sadiya, amma shafen da aka yi da buroshi ba ɗaya yake da wanda wuta ta narkar ya zama jiki ɗaya da yumɓun ba. Idan aka bar wuri kaɗan bai samu ba, ko ya ɓare bayan an kunna sau da yawa, an koma gidan jiya. Kuma ba kowane fenti ko banish ne ya dace da zama kusa da wuta ba, wasunsu su kansu suna ci. Ni da za a bi tawa, a saka ƙaramin gwangwani a cikin kaskon, kaki ya zauna a gwangwani, kasko ya zama riga.

Malama_Hauwa_Jos:
Akwai abin da har yanzu ba a taɓo ba, kuma a wurina ya fi irin kayan da aka yi mazubin da shi muhimmanci, wato faɗinsa da siffarsa. Ba a zaɓen mazubi shi kaɗai, tare da lagwani ake zaɓensu. Kakin soya yana buƙatar lagwani mai ɗan ƙarfi, kuma kowane lagwani yana da iyakar faɗin da zai iya narkarwa. Mazubi mai faɗin santimita 7 zuwa 8 lagwani ɗaya yana isarsa. Idan ya kai santimita 10 ko ya wuce, gara a sa biyu ko uku ƙanana da a sa ƙato guda ɗaya. Idan lagwani ya yi wa mazubi kaɗan, wuta takan haƙa rami a tsakiya ta bar kaki manne a bango har ta nutse ta mutu. Idan ya yi yawa, harshen yana tashi, baƙin hayaki ya shafe bakin kofin, gilashin ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba.

Wannan ne ya sa nake da shakka a kan kwalaben jam, ko da ba su fashe ba. Yawancinsu suna da kafaɗa, wato cikinsu ya fi bakinsu faɗi, sai zafi ya taru a ƙarƙashin kafaɗar, iska kuma ba ta shiga yadda ya kamata idan wuta ta yi ƙasa. Kofin shayi kuma akasin haka ne, sama faɗi ƙasa tsukakke, lagwanin da ya yi daidai a sama zai yi wa gindin yawa. Sannan idan kwalabenki goma ne kuma kowace da girmanta, kina da gwaji goma a gabanki. Wadda ta tsaya a kan mazubi iri ɗaya gwaji ɗaya za ta yi ta huta. Ku sa wannan a cikin lissafin tsada, domin kakin da ake ƙonawa wajen gwaji shi ma kuɗi ne.

Ummu_Khalil:
Malama Hauwa, wannan hujja ta fi kama ni fiye da ta fashewa. Sai dai ni iri ɗaya nake tarawa, masu miƙaƙƙen jiki da faɗin baki, kuma maƙwabta sun san girman da nake karɓa. Ban ga dalilin da zai sa a zubar da kwalba lafiyayya a bola sannan a sayo wata daga ƙetare ba.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci cewa ƙoƙo ya fita, sai dai ko in sa kyandir ɗin a ciki a matsayin kwalin kyauta, a cire shi kafin a kunna. Yanzu ina tsakanin gwangwani da kofin gilashi miƙaƙƙe. Amma ta yaya zan san yawan kakin da mazubi zai ci kafin in narka? Masu sayarwa suna rubuta mililita, ni kuma da sikeli nake awo.

Malam_Sabitu:
Abu ne mai sauƙi. Ki ɗora mazubin a kan sikeli ki mayar da shi sifili, ki zuba ruwa zuwa inda kike son kakin ya tsaya, kina barin kamar santimita 1 zuwa 2 a sama domin murfi ya rufu ba tare da ya danne lagwani ba. Kaki bai kai ruwa nauyi ba, don haka ki ninka nauyin ruwan da 0.86. Idan ruwan ya ba ki giram 200, abin da zai cika wurin kusan giram 172 ne, kaki da man ƙamshi a haɗe. Idan kina sa ƙamshi kashi 8 cikin 100 na nauyin kaki, zai zama kaki kusan giram 159, ƙamshi kusan giram 13. Ki tabbata mazubin ya bushe sarai kafin ki zuba, domin ruwa da narkakken kaki ba sa shiri.

Zainabu_Maraɗi:
Tunda an koma kan gilashi, ni abin da ke ɓata mini rai shi ne lokacin hunturu. Sai in zuba kaki lafiya lau, da safe in ga wasu wurare a jikin kofin kamar sun jiƙe, wasu kuma fari-fari kamar an barbaɗa gari. Masu saye suna ɗauka kayan ya lalace.

Hajiya_Binta_Zariya:
Bai lalace ba, ƙanwata. Wuraren da suke kama da jiƙa, kakin ne ya tsuke da ya huce ya saki jikin gilashin, farin kuma ɗabi'ar kakin soya ce, kuma a cikin biyun babu wanda yake hana kyandir ci ko ƙamshi. Yana raguwa idan kika ɗan ɗumama kofunan kafin zubawa, kika jera su a kan katako ko kwali maimakon siminti mai sanyi, kika ba su tazara, kika rufe taga kada iskar hunturu ta buge su. Amma ba ya ɓacewa ɗungurungum. Wadda abin yake damunta ta koma gilashi mai duhu ko mai hazo, ko tangaran, ko gwangwanin Fatsima, duk suna rufe wannan. Murfi kuma a hunturu wajibi ne, saboda saman kakin yana kama ƙura, ƙamshin ma ya fi daɗewa a rufe.

Injiniya_Auwal:
Maman Ilham, duk wanda kika zaɓa, kada ki sayar sai kin ƙona guda daga sama har ƙasa a gabanki. Ki bar shi ya kwana mako ɗaya zuwa biyu bayan zubawa, ki datse lagwani ya rage kamar milimita 6, ki kunna na sa'o'i huɗu, ki kashe ya huce, ki sake, har ya ƙare. Rabin ƙarshe ne wurin lura, domin a nan zafi yake taruwa. Ki manne gindin lagwani a tsakiya sosai, saboda lagwanin da ya saki ya matsa jikin bango yana cikin manyan abubuwan da ke fasa gilashi. Ki rubuta wa masu saye cewa su daina kunnawa idan kaki ya rage kamar santimita 1, kada su bar shi a ɗaki babu kowa ko kusa da labule da gidan sauro, kuma idan saman kakin ya kama da wuta a rufe shi da murfin tukunya, kada a watsa ruwa.

Sadiya_Kaduna:
Wasu masu saye suna dawo mini da kofunan da suka ƙare domin in sake cika musu a farashi mai sauƙi. Bisa bayanin Injiniya, wannan ma ke nan akwai abin dubawa?

Ummu_Khalil:
Ni ina karɓa, in duba su kamar yadda nake duba kwalabe. Idan kofin da aka yi domin kyandir ba zai iya ɗaukar cikawa ta biyu ba, to me ya bambanta shi da kwalbar jam ɗina?

Injiniya_Auwal:
Bambancin shi ne kin san yadda aka yi shi, amma a duka biyun ba ki san abin da ya same su a hannun mutane ba, ko an ƙone su har ƙasa, ko an kankare su da wuƙa. Gwangwani da tangaran mai kauri zan sake cikawa hankali kwance. Gilashi kuwa, idan nawa ne na gida zan sake, na sayarwa sabo zan ɗauka.

Fatsima_Sakkwato:
Maman Ilham, tunda amare ne kasuwarki, ki tambayi masu odar tukuna ko a gari za a raba ko za a yi tafiya da shi. Na cikin gari ki yi musu gilashi, sun fi son ganinsa a kan madubi. Wanda zai hau mota ki sa a gwangwani, ki kai tasha da yamma. Malam Garba, idan maginan da ka ambata suna iya yin ƙananan kofuna masu girma ɗaya da murfinsu, ka sanar da mu faɗin bakin da suke iya daidaitawa, ina so in gwada lagwanina a kansu kafin zafi ya shigo.